Kalgon da Ban Tabbata Na Je Ba

A gidanmu na Gwandu, farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, aikina da hantsi shi ne gadin shanya. Inna takan baza gero ko kuɓewa a tabarma, ta ba ni kara ta ce in kori kaji da awaki. Aiki ne mai gundura, amma ni bai dame ni ba, domin da na jingina da rumbu na lumshe ido sai in tafi Kalgo.

Ga abin da nake gani. Goggo yayar mahaifina ce, 'yarta tana aure a Kalgo, ta haihu, muka tafi suna. Ni da Inna da Goggo, sai Baffa, ƙanen mahaifina, yana kora jaki. An ɗora ni tsakanin mangala biyu, ƙafafuna suna lilo. Muka wuce gonakin dawa da itatuwan goriba, har iska ta sauya, ta fara kawo ƙanshin bandar kifi. Bayan an watse daga suna wani mutum ya saka mu a jirgin ruwa, ya ratsa da mu ta cikin shinkafa, na miƙa hannu na cire furen bado, tsawon jijiyarsa ya ba ni dariya. Da muka fito wata mata ta ɓare mini gasasshen kifi, ta barbaɗa gishiri da yaji. Nan nake daɗewa. Wani lokaci sai ihun Inna ya dawo da ni, in tarar akuya ta cinye rabin shanyar.

Na ba 'yan matan unguwarmu labarin nan a bakin rijiya har suka haddace shi. Yawancinsu ba su taɓa wuce Malisa da ke nan kusa da mu ba, don haka ni ce mai yawon duniya.

Wata rana da la'asar ina ba wata baƙuwar yarinya labarin a tsakar gida, Inna tana tankaɗe, Goggo tana kaɗin auduga. Na zo daidai wurin bado sai Inna ta ajiye rariya.

"Ke, wa ya ce maki kin tahi Kalgo?"

Na ce, "Inna, ba tare muka je ba?"

"Kambaza munka bar ki wurin kakarki. Masassara na cin ki, ko tsayuwa ba ki iyawa."

Goggo ta tsai da mazari. "Haba ke kuwa! Ni na goya ɗiyar nan da jakin ya gaji. Har yau bayana bai manta ba."

"Yaya, wallahi ƙullin kayan barka kinka goya."

Suka yi ta yi, ba faɗa ba, amma kowacce ta kafe. Baƙuwar yarinyar ta dube ni, ta tashi ta tafi gida. Da Baffa ya shigo na tare shi tun a zaure na tambaye shi.

Ya shafa gemu. "Ni dai jakin na tuna. Tun daga Kambaza yake ɗingishi."

"Baffa, akwai yarinya a kansa?"

"To, akwai dai kaya."

Kakata ta Kambaza kuwa ta riga ta rasu, babu wanda zan sake tambaya.

Washegari na jingina da rumbu na rufe ido kamar kullum. Jakin ya zo, goriba ta zo, amma kafin in kai ruwa sai ga wani ɗaki mai duhu, da warin jiƙo, da hannun tsohuwa a goshina. Ban taɓa ganin ɗakin nan a tafiyata ba. Inna ce ta saka mini shi da maganarta, ko dama yana nan? Na kuma tuna Goggo ba ta da hira in tana kaɗi sai ta Kalgo, ni kuwa kullum ina gindinta. Wataƙila daga bakinta na kwashe jirgin da badon. Amma kifin fa? Yajin nan ina jin sa a harshena, kuma ban ga yadda za a ba mutum ɗanɗano da labari ba. Na daina ba kowa labarin. Ni kaɗai nake zuwa, wata rana in isa ruwa, wata rana in ƙare a Kambaza.

Gab da samun 'yancin kai, na zama budurwa, idon Goggo ya yi rauni, ta ce in raka ta ta ga jikokinta. Muka hau babbar mota zuwa Birnin Kebbi, daga nan muka taka. A hanya ina ta cewa a raina yau zan sani.

Bazara ce. Fadama ta bushe ta tsattsage, jiragen suna kife a kan tudu, shanu suna kiwo inda nake zaton ruwa. Wani lungu na ji kamar na san shi, na sha gaban Goggo na shiga, sai ga ni a bayan gidan wani maƙeri. Goggo da ba ta gani sosai ita ta kai mu.

Bayan gaisuwa na tambayi 'yar Goggo. Ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, ni da nake ɗaki ina jego? Ruwan zafi bai bar ni na gane kowa ba."

Sai surukarta, wata tsohuwa 'yar asalin Dangoma, ta matso ta riƙe haɓata tana juya fuskata.

"Awo, an zo da wata 'yar yarinya. An yi mata aski ƙwal saboda makero. Da anka sa ta jirgi ta yi ta kuka har mai tuƙi ya juyo."

Goggo ta tafa hannu. "Kin ji ko! Ita ce."

Ni kuwa na ƙara rikicewa. Dariya na san na yi a jirgin nan, kuka kuma daga ina? Da dare ya yi aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci ina neman wancan ɗanɗanon. Akwai daɗi, amma ban iya cewa shi ne ko ba shi ba ne.

Muna komawa Gwandu, ko mayafi Goggo ba ta cire ba ta faɗa wa Inna abin da tsohuwar ta ce.

Inna ta ce, "To ai magana ta ƙare. Aska ba ta taɓa hawa kan ɗiyata ba. Yaran mutane nawa ne a wurin suna?"

"Zo nan," in ji Goggo. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta tuɓe mini kallabi, ta fara tsefe kitson da aka yi mini don tafiyar. Inna ma ta baro tukunya ta durƙusa. Goggo tana lalube da yatsa, can ta tsaya bayan kunnena.

"Ga tabon makero nan."

Inna ta leƙa. "Wannan turmi ne ta faɗa wa tana rarrafe."

Suka ci gaba da buɗa gashina, wannan ta ja nan waccan ta ja can, ni ina sunkuye ina kallon ƙasa, har mahaifina ya leƙo daga zaure ya ce wai ba wanda ya ji ƙaurin tuwo ne.