Matuƙin da Ba Ya Taka Kunya

Ƙaramin jirgin ya zarce filin saukarsa na bayan gari, ya kafa hanci a gonar gyaɗar tsoho Ɗanasabe. Ga matuƙin yana fitowa lafiya lau, dogo, yana dariya yana hamdala.

Jama'a na ta tattake shuka don su gan shi. Shi kuwa kwari yake bi, ba ya taka kunya. Har ya durƙusa yana mayar da gyaɗar da taya ta tumɓuke. Ɗanasabe na kallon hannun nan. Lallai matuƙin nan ya riƙe fartanya tun yana yaro.

"Baba, na yi ɓarna," in ji matuƙin.

"Tashi, ɗan manomi. Kai da ka faɗo daga sama ka fi maƙwabtana tausayin gonata."