Hannu na Biyu da Ban Taɓa Fitarwa Daga Leda Ba

A shekarun casa'in ni matar direba ce, 'yar Bebeji da aure ya kai Tudun Wada. Maigidana babbar mota yake ja, yana kai masara kudu, in ya tafi sai dai in ji ƙarar hon ɗinsa bayan makonni. Ba mu da ɗa a lokacin, dangina suna nesa, ni kuma ba mai saurin sabo ba ce. Da ya ga shirun gidan yana neman taɓa ni, sai ya sayo mini gem daga Kano, irin wanda ake jonawa da talabijin a cusa masa kaset. Da hannu biyu gem ɗin ya zo, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Na ɗauki ɗaya, ɗayan na bar shi cikin ledarsa na jefa a ƙasan akwati.

A cikin gem ɗin akwai wani ɗan mutum mai shuɗiyar riga, yana gudu yana tsallake ramuka da ƙayoyi. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, sai malamarmu ta ce kowace mace ta riƙa rubuto shafi guda duk mako don hannu ya faɗa. Wasu suka rubuta yadda ake dambu, ni kuwa na rubuta tafiyar ɗan mutumin nan. Da aka karanta a aji mata suka yi ta dariya, har da masu salati a wurin da ya faɗa rami. Takardar ta bi gida-gida, ta dawo mini da tabon manja. Daga ranar na zama mai labarin gem, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai, don karon farko ke nan da aka san da zamana a garin.

Wahalar ita ce dole kowane mako in kawo sabon abu, gem ɗin kuwa ba ya riƙe inda aka tsaya. Da wuta ta ɗauke, komai nisan da na yi, sai in koma farko. Wutar Tudun Wada a lokacin ba ta da alkawari, tana iya zuwa ina tsakiyar tuƙa tuwo, in sauke muciya in ruga ɗaki. Na ƙona tukunya ba sau ɗaya ba, babban yatsana ya yi kanta. Aka yi suna a maƙwabta ban je ba, aka yi rasuwa na leƙa a tsaitsaye, duk don kada a kawo wuta ba na nan. Ina zaune ni kaɗai ina kallon ƙwan lantarki kamar mai jiran baƙo. Abin da na fara don in samu mutane, shi ya ƙara kulle ni a ɗaki.

A ajin akwai wata Bafulatana mai tallar nono, rugarsu tana can wajen Falgore, ta kan ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa ta shigo. Da yatsa take bin rubutu, a hankali, amma ba ta tsallake kalma. Ita ce mai tambayoyin da ba wanda ke yi: ko ɗan mutumin yana cin abinci, ko yana hutawa, ina ma ya nufa. Wata rana ta ɗago kai daga takardar ta dube ni ta ce, "Ƙawata, shi wannan bawan Allah ba shi da kowa ne? Kullum shi kaɗai." Na yi dariya na ce haka aka yi shi. Alhali na sani sarai, da an jona hannu na biyu wani ɗan mutum mai rawayar riga zai fito su yi tafiyar tare.

Ta sha roƙona in bar ta ta zo ta gani da idonta, ni kuma kullum in ce sai wuta ta daidaita. Gaskiyar magana tsoro nake ji. A takarda na ƙawata abin, na sa masa daji da kogi da fargaba, a talabijin kuwa 'yan ɗigo-ɗigo ne ke tsalle. Ina ganin in ta gani za ta raina, in kuma ta iya bugawa, me za ta yi da rubutuna? Ana haka na maƙale a wani kogi da ake hayewa a kan gungume. Mako ya bi mako labarin ɗaya ne, ya hau, ya zame, ya nutse. Mata suka gaji, takardar ta daina yawo. Ita kaɗai ta rage tana karɓa, tana cewa in Allah ya so wannan karon zai haye.

Da rani ya shigo, wata rana da hantsi aka kawo wuta, kuma a ranar na haye kogin. Ina cikin ganin wuraren da ban taɓa gani ba, sai na ji sallamar Bafulatanar nan a tsakar gida. Na amsa daga ɗaki na ce ina zuwa. Ina iya tsayar da gem ɗin, amma na ce kada wutar ta tafi kafin in ga gaba. Ta sake magana, na sake cewa ina zuwa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da wutar ta ɗauke na fito, babu kowa, sai 'yar ƙwarya da man shanu a bakin ƙofata an rufe da faifai. Maƙwabciyata ce ta gaya mini sallama ta zo yi, rugarsu ta tashi, sun yi kudu da shanu, ta daɗe a zaune kan turmi kafin ta tafi.

Na rubuta labarin hayewar a daren ranar, shafi har biyu, mafi kyau da na taɓa yi. Na kai aji, ba wadda ta miƙo hannu. Shi ne na ƙarshe. Ban sake jin ɗuriyarta ba, ko sunan garin da suka sauka ban sani ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu ina ganin yara da manya kowa da waya, suna rubuta abin da suke bugawa don mutanen nesa su karanta. Ban ce su daina ba, na san daɗin a karanta ka. Amma ina roƙonku, in mai karanta ku ya tako har ƙofa ya yi sallama, ku ajiye ku fito. Gem ɗina ya lalace tun tuni, an zubar. Da muka tashi daga gidan na tsinci hannu na biyu a ƙasan akwati, sabo fil, ledarsa ma ba a yage ba.