Rigar Lastri Mai Hannu Ɗaya

Bu Tumirah ba ta sayen yadi sai ta hura shi. Takan ɗaga gefensa ta kai bakinta, ta tara bayan hannunta ta ɗaya ɓangaren, ta hura a hankali. In numfashin ya ratsa ya taɓa mata fata, sai ta tambayi kuɗi. In bai ratsa ba, ta ninke ta miƙa wa mai shago ta ce, "Wannan ai buhu ne, ajiye ka zuba shinkafa." Masu yadi na kasuwar Bekasi sun saba da ita, har wasu kan miƙo mata gefen tun kafin ta gama sallama.

Ba za a ga laifinta ba. A garin da mutum ke fara gumi kafin ya shafa addu'ar asuba, tufa ta ƙwarai ita ce wadda iska ke wucewa ta cikinta ba tare da ta nemi izini ba.

Tana amarya ta zo daga ƙauyensu na wajen Wonogiri tare da mijinta Pak Kasiran, wanda ya tuƙa ƙaramar bas ta haya har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da safe tana sayar da shinkafar kwakwa a ganyen ayaba a ƙofar gida. Da rana ta wanke tukwane, ta zauna da kwarashinta. Babu gidan da ke layinmu da ba za ka ga saƙarta ba, ko a kan tebur, ko a kan talabijin, ko a kan jariri. Duk saƙa ce mai furanni da ƙofofi, mara nauyi, irin wadda in ka ɗaga kana hango wanda ke bayanta.

Sai autarta Lastri, wadda ta karanci jinya, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a can arewacin Japan. Ta nuna wa iyayen hoton garin a waya, ƙanƙara har bakin tagogi. Pak Kasiran ya ce to su waɗannan ta ina suke shanya. Bu Tumirah kuwa washegari ta dawo daga kasuwa da zaren auduga kore, ta fara rigar sanyi.

Ta zuba mata duk abin da ta iya. Furanni a ƙirji, furanni a baya, gefe kamar ganye. Ranar da ta gama ta hura, numfashin ya wuce kamar babu komai a tsakani, ta gyaɗa kai. Lastri ta juya rigar gaba da baya ta ce, "Ta yi kyau, Bu," ta ninke ta da ladabi. Ladabin ne ya ɗan yi yawa. Bu Tumirah ta lura, kuma ta san iyakar sanyin da ta taɓa ji a duniya shi ne na ɗakin jiran asibiti. Ta yaya za ta san ko rigar za ta riƙe mata 'ya?

Ana cikin haka Lastri ta ce ta kama musu ɗaki na kwana ɗaya a otal ɗin da ke jikin wani babban kanti mai gidan ƙanƙara, inda ake wasa a ƙanƙarar da inji ke yi, su yi ɗan hutun bankwana.

"Wato mu biya kuɗi a saka mu a firji," in ji Pak Kasiran. "Ga namu a gida, in an cire wainar waken tempe da ruwa ai zan shiga."

"Kai dai ɗauko safarka, Pakne," in ji matarsa, don haka take kiransa. Ita ta riga ta sa koriyar rigar a ƙasan jaka.

A bakin gidan ƙanƙarar ana ba kowa takalmi mai tsawo da ƙatuwar riga mai kumburi. Bu Tumirah ta karɓi tata, ta kai baki ta hura. Ko ɗigo bai ratsa ba. Ta rataye ta a hannu, ta zura rigar Lastri a kan kayan jikinta, ta gyara ɗankwali.

"Bu, saka waccan," in ji Lastri.

"Ban zo nan don in gwada buhunsu ba, Nduk," ta ce, da sunan da suke kiran 'yar da shi.

Aka buɗe ƙofar farko, aka buɗe ta biyu.

Da fari daɗi ta ji, kamar an shafa mata man zafi a fuska. Ga tudu fari ya gangaro daga can sama kusa da rufi, mutane na zamowa a kan dogayen katakai, wasu a cikin taya, yawanci kuma suna tsaye ne suna ɗaukar hoto da leɓe shuɗi. Lastri ta ja ubanta wajen masu koyo, aka ɗaure masa katakan a ƙafa, aka ba shi sanduna. Ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai shirin fita babban titi.

"Nduk, ina burkin?"

"Babu, Pak. Haɗa kan katakan za ka yi."

"Babu burki aka ba shi lasisin ɗaukar mutane?"

Bai rufe baki ba ya tafi. Ya yi ɗan nisa a miƙe, sannan ya juya a hankali yana fuskantar inda ya fito, ya ci gaba da gangara da baya cikin natsuwa, yana ɗaga wa na bayansa hannu su kauce, har ya zauna daɓas a gindin wata bishiyar roba.

"Shekara da shekaru kana cewa ka fi kowa iya ribas," in ji Bu Tumirah daga inda take tsaye. "Yau na yarda."

Ta so ta yi dariya sosai, amma haƙoranta sun fara wani aikin. Sanyin ya gama zagaya ta ya samo hanya. Ta kowace fure ya shiga. Ta ji shi a ƙirji, ta ji shi a baya, har ta iya faɗa maka inda kowane ganye yake ba tare da ta duba ba. Ta ƙanƙame hannuwa, ta ce bari ta ƙara jira, ko riga sai ta saba. Rigar ba ta saba ba.

Ta waiga ta ga ƙofar fita da jar fitila a kanta. Taku kaɗan ne, mutum ya koma cikin ƙamshin soyayyar ayaba da gumin jama'a. Ta daɗe tana kallon ƙofar nan. Garin da ke cikin hoton Lastri ba ta ga irinta a jikinsa ba.

Lastri ta zo ta zare ƙatuwar rigar daga hannun uwar, ta lulluɓa mata, ta ja zif har wuya. Bu Tumirah ba ta hana ba.

"Kin sani tun ranar," ta ce.

"Na sani, Bu."

"Shi ya sa kika kawo ni?"

"Na kawo ki ne ki ga Baba ya faɗi. Rigar kuma niyyata in riƙa sa ta a cikin ɗaki."

"A cikin ɗaki. 'Yata za ta tafi ƙasar mutane da ragar kamun kifi, su ce ba ta da uwa."

Da ta yi maganar sai ta ga wani farin hayaƙi ya fito daga bakinta. Ta tsaya. Ta sake hurawa, ta bi shi da ido har ya watse. Duk tsawon rayuwarta tana aikensa cikin yadin mutane, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar.

Suka fito suka sha romon bakso mai zafi, irin mai dunƙulen nama, Pak Kasiran ya sha kwano biyu yana ba mai sayarwa labarin yadda ya sauko daga tudun, ba tare da ya ambaci ta wace fuska ba. Lastri ta kai uwar wani shago a hawa na uku inda ake sayar da zaren ulu. Bu Tumirah ta matsa shi, ta shinshina, ta ce yana warin tunkiya, ta saya. Da la'asar a ɗakin otal ta kankare wa mijinta baya da kwabo da mai don ta fitar masa da sanyin da ya shiga, yana nishi yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Tana gamawa ta sa ƙafa ta ture lallausan matashin otal ɗin gefe, ta zauna a ƙasa kusa da taga ta ɗaura zaren farko. Wurin wanka mai ruwan ɗumi da Lastri ta yi ta yabo, ba ta leƙa ba.

Saƙa matsattsiya ba aikinta ba ce. Hannun ya saba barin ƙofa, sai ta yi layi ta ga fure ya tsiro da kansa, ta warware ta sake. Yatsunta suka kumbura. Masu zuwa sayen shinkafa suka riƙa zuba wa kansu miya. Duk inda ta kai takan hura, in ta ji ɗumi a bayan hannu ta koma baya. Ranar tafiya ta zo, jikin riga ya kammala, hannun dama ya kammala, na hagu ko farawa ba a yi ba.

"Bari in gama in aiko," ta ce.

Lastri ta fizge rigar ta cusa a jaka. "Hannun hagu ai a aljihu yake kwana, Bu. Ki saƙa shi daban, in na zo hutu a ɗinka."

Hoto ya zo bayan ta sauka. Tana tsaye cikin ƙanƙara ta buɗe babbar rigarta tana nuna ta ciki, hannu ɗaya ulu, ɗaya babu, tana dariya. Pak Kasiran ya nuna wa duk wanda ya zo sayen shinkafa, tare da nasa hoton na gindin bishiyar roba.

Hannun hagun yana cikin gwangwanin biskit a kan firji, kwarashin a soke a jikinsa. Ya kai gwiwar hannu ya tsaya. Matan layi kan tambaye ta yaushe za ta ƙarasa, abin da bai fi aikin yini biyu ba.

"Sai ta zo na gwada," takan ce. "Wa ya sani ko abincinsu ya karɓe ta."