Dattijo Mai Karatu a Bakin Gado

Ma'aikaciyar jinya tana canza ledar ƙarin jini, tana satar kallon dattijon da ke zaune kusa da matarsa. Gemunsa fari fat. Da gani, ba a wasa a gidansa. Littafin soyayya yake karanta mata ƙasa-ƙasa, labarin wani matacce mai shan jini da ya karya haƙori ranar zuwa zance. Ya rufe bangon da tafin hannu, yana gumi. Da ya iso wurin sumba sai ya yi tari, ya juya shafi.

"Malam, ka tsallake," in ji matar, da murmushin da ba a gani ba tun kwanciyarta.

Ya saci kallon ma'aikaciyar, ya sunkuyar da kai, ya koma baya ya karanta.