Talotalon da Na Kai Gidan Baba

Ni da bakina na ce kada kowa ya yanka kaza. A tsakar gidan Baba na faɗa, cikin tsohon garin Birnin Kebbi, azumi bai ma kai goma ba. Inna tana damun kunun buɗa baki, yayata da ƙanwata suna gyaran zogale. Na ce naman Sallar bana na gidan nan gaba ɗaya a wuyana yake, kuma talotalo zan kawo.

Yayata ta ajiye tire ta dube ni sama da ƙasa. "Talo mi? Oh ni, matar ma'aikaci! To mun ji, mu dai kada a bar mu da romon albasa."

Lokacin ba a daɗe da raba mu da jihar Sakkwato ba. An dawo da maigidana gida da aiki, aka ba mu gida a unguwar Gesse, mai famfo a ciki da firji a falo, kaina kuwa ya yi girman da ko ɗankwali da ƙyar yake zama. Maƙwabciyata ta yi zaman Kaduna, ita na ga ta gasa talotalo sukutum, aka ɗora shi a faranti yana ƙyalli. Tun ranar abin ya shiga raina. So nake in shiga gidanmu da shi a hannu, 'yan'uwana su saki baki.

Sai in faɗi wane ne Baba, don ba za a gane girman abin da na yi ba sai an san shi. Malami ne, manomi kuma, yana da gonar shinkafa a fadamar Zauro. Bai cika faɗa ba, amma a kan abin da zai shiga cikinsa ba shi da wasa. Ba ya cin tsiren tasha, ba ya cin naman da bai san hannun da ya yanka ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Cikin 'ya'yansa mata ni ce na fi daɗewa a gabansa da karatu, har babin yanka ya karantar da ni da kansa. In na faɗa masa magana ba ya neman shaida.

Aka ce mini akwai wata tsohuwa a Argungu da ke kiwon talotalo a bayan gidanta. Na yi ta ɗaga tafiyar don kada in kawo shi da wuri ya ɓata mini tsakar gida da kashi, har sai ranar jajiberi. Zafin shekarar ba a magana. Tun hantsi ƙasa ke ƙuna ta cikin takalmi, ga azumi a baki.

Guda biyar na tarar a wurinta. Ban san komai a kansu ba, amma na gyara tsayuwa kamar gadonsu na yi. Ta kamo mini wata mace madaidaiciya, ta ce in taɓa ƙirjin in ji tsoka, wannan ita ce mai taushi. Ko kallonta ban yi ba. Idona na kan wani ƙaton namiji da ya baza wutsiya yana jan fiffike a ƙasa, jan naman nan na wuyansa yana reto. Na ce shi nake so. Ta ce ya yi ƙiba da yawa, tafiya za ta ba shi wuya. Na ce ai ƙibar na zo saya.

Da ta ɗaure masa ƙafafu sai ta riƙe hannuna. "Ɗiyata, wanga tsuntsu ba shi son zahi. Ki aza shi bisa cinya, ki riƙa yayyafa mai ruwa. Kada ki bari a sa shi baya."

Na ce to. Amma da na isa tasha na ga motar, fijo ce cike da mutane, har da wasu mata biyu masu gwala-gwalai, sai na dubi atamfata. Ni ce zan zauna da tsuntsu a cinya yana yi mini kashi, ana kallona? Direba ya ce a sa shi a but, na ce a sa. Ya tura shi tsakanin buhunan albasa ya danna murfi. Ba mu yi rabin hanya ba taya ta fashe, kuma ta canjin ma ba iska. Muka zauna a gindin wata bishiya har aka yi azahar, aka kusa la'asar. Sau ɗaya na tuna da shi, na ce bari in sa a buɗe, sai hira ta ɗauke mini hankali.

Aka sauke ni a ƙofar gidana, aka ɗaga murfin. Wuyan ya langaɓe a kan buhu, baki a buɗe, ido rabi a rufe. Direba ya miƙo mini shi da sauri ya ce suma ya yi, in zuba masa ruwa, ya ja motarsa.

Babu kowa a gidan. Maigidana ya tafi wurin tela da 'yarmu, karɓo kayan Sallah. Na shimfiɗe tsuntsun a bakin famfo na kwara masa ruwa. Shiru. Jikinsa da zafi, amma ranar ko ƙarfen ƙofa da zafi yake. Na ruga na ɗauko wuƙa. A al'ada mace ba ta yanka a wurinmu, amma na san shari'a ba ta hana ba. Na kuma san sauran hukuncin sarai: dabbar da ta kai gargara, in an yanka ta ta yi motsi, ko jini ya yi tsartuwa, ta halatta. In babu ko ɗaya, mushe ce.

Na fuskantar da shi gabas, na yi bisimilla, na yanka. Jini ya fito baƙi-baƙi, a hankali, ya tsaya. Na tsura wa ƙafafun ido. Wallahi ban ga sun motsa ba. Na kama fiffike ɗaya na ɗaga, na saki, ya koma ƙasa. Sai na ce wa kaina, ai ga shi ya yi motsi.

Kasuwa ba ta tashi ba a lokacin. Da na ɗauki mayafi na fita, da na samo kaji huɗu kafin magariba, kuma babu wanda zai kwana da yunwa. Abin da ya hana ni bai wuce dariyar yayata ba. Ina jin muryarta a kunnena tana tambayar ina talo ɗin. Saboda wannan kaɗai na dafa ruwa na fige shi. Da maigidana ya dawo na ce masa na ga ya galabaita ne na yi sauri na yanka. Ya ce na kyauta.

Gashin sukutum da na ci buri kuwa na fasa shi, don naman ya yi ja fiye da yadda nake so a gani. Da safe, maza sun tafi Idi, na yanyanka shi manya-manya, na wanke da lemun tsami har sau uku. Na tafasa shi da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da albasa mai yawa, na tsame, na soya a man gyaɗa har ya yi ja, sannan na juya shi cikin jajjagen tattasai da attarugu. Abin haushi, ban taɓa girkin da ya yi kyau kamarsa ba. Ƙamshi ya cika layin, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana cewa ashe na iya na ɓoye. Ko gishirinsa ban ɗanɗana ba.

Muka isa gidan Baba da manyan kwanoni biyu. Inna ta riga ta tuƙa tuwon shinkafa. Da aka buɗe, yayata ta tafa hannu ta ce yau kam ta sallama, ƙanwata ta saci tsoka tana hura baki. Abin da na yi wata guda ina jira ke nan, amma ko daɗinsa ban ji ba. Inna ta raba, aka kai wa maza nasu a zaure, aka zuba na maƙwabta yara suka fita da shi. Cinya guda ta ware ta ce in kai wa Malam da hannuna.

Yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, bai cire rawanin Idi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwanon. Ya buɗe ya yi murmushi.

"Uwata, wanga aiki haka? Wa ya yanka shi?"

"Ni ce, Baba. Zafi ya galabaitar da shi a hanya, ba namiji a gida, na ji tsoron kada ya mutu."

Ya gyaɗa kai. "Ba laihi. Ya yi motsi?"

"Ya yi."

"To, madalla. Bisimilla."

Shi ke nan tambayar. Bai ko ɗago ya dubi fuskata ba. Ya wanke hannu, ya yagi tsoka ya kai baki, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ina durƙushe ina kallon mutumin da ya shekara sittin da wani abu yana kaffa-kaffa da cikinsa yana tauna abin da na kawo masa. Na ce a raina ai ya riga ya ci, faɗa yanzu ba ta da amfani.

Sai ga 'yata ta taho da gudu cikin sabuwar rigarta. Shekararta huɗu, kuma ita ce 'yar gaban goshinsa. Ta faɗa jikinsa, ya zaunar da ita a gefen buzun, ya zaɓi tsoka mai laushi ya sa mata a hannu, yadda yake yi wa jikokinsa kullum. Ta ɗaga za ta kai baki.

Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na fizge naman da ƙarfi har yarinyar ta tsorata ta fashe da kuka.

"Yaji ya yi mata yawa," na ce.

Duk gidan an san yarinyar nan da cin yaji, shi da kansa yake tsokanarta a kai. Baba ya daina tauna. Ya dubi naman da ke hannuna, ya dubi yarinyar, sannan ya dube ni. Bai daɗe yana kallona ba, amma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ya juya gefe ya fitar da abin da ke bakinsa a tafin hannu, ya rufe kwanon, ya jawo buta ya kurkure baki sau uku. Ya kira Inna, ya ce da ita a hankali a tattara sauran naman duka, har na zaure, kada a ƙara ba kowa. Inna ta buɗe baki za ta yi tambaya, ya ce, "Ki dai yi haka nan." Ya ɗauki jikarsa yana rarrashi, ya ciro mata dabino daga aljihu.

Bai tona ni ba. Da yayata ta matsa da tambaya, cewa ya yi zafin gari ya taɓa naman. Aka ci tuwo da miyar da Inna ta yi, kowa yana jajanta mini asarar da na yi, ni kuwa ina amsawa.

Bayan kwana uku na koma ni kaɗai. Na same shi yana duba wani littafi, na durƙusa na faɗa masa komai, har da fiffiken da na ɗaga na saki. Ina kuka ina roƙonsa gafara. Ya bari na gama, ya ce shi bai da laifi wurin Allah tunda bai sani ba, waɗanda suka ci ma haka, ni ce zan nemi gafarar Ubangijina. Haƙƙinsa shi kuwa ya yafe mini tun ranar. Ya ce in tashi in share fuska kada Inna ta gani. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kamar wata guda na aika a gaya masa zan kawo masa farfesun kaza ranar Juma'a, maigidana ne zai yanka. Saƙo ya dawo ta bakin Inna: a gaya wa uwata kifi yake so, haƙora sun tsufa, nama yana ba shi wuya. Na dafa kifi na kai. Wata Juma'ar ma haka, da wadda ta biyo ta. Ya ci gaba da kirana uwata, yana sa mini albarka, yana cinye kifin tas. Har na fara yarda da zancen haƙoran.

Wata Juma'ar na yi sammakon gama girki, na isa gidan kafin lokacin da na saba. Ban tarar da kowa a tsakar gida ba, na wuce kai tsaye ƙofar ɗakinsa da kwanon kifina. Yana zaune a kan buzu, kwanon ƙanwata a gabansa, na san shi da fentin fure a murfi. Cinyar kaza ce a hannunsa, ya cinye tsokar, yana fasa ƙashin da haƙoransa yana tsotse ɓargo.

Na yi sallama. Ya ɗago ya gan ni. Sai dattijon nan, mahaifina, ya yi sauri ya tura ƙashin cikin kwano ya jawo murfi ya rufe, kamar shi ne ya yi abin kunya. Ya goge hannu, ya matsar da kwanon bayansa, ya miƙo hannu biyu.

"Uwata, kin iso? Kawo kihin nan, tun ɗazu shi nika jira."