Ƙofar da ke Bayan Kabad

Zabedah a kan keken ɗinki ta tsufa a garin Seremban. Rabin yaran unguwa da rigar makarantar da ta ɗinka suka girma, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ma ya riga mu gidan gaskiya. Mace ce da ba ta sayen yadi sai ta ja shi, ta ɗaga shi a rana, amma da ta tashi sayen gidan haya sai ta saya kamar mai sayen ayaba. Gidan jere ne, bango ɗaya da maƙwabta. Dillali ya nuna mata faffaɗan ɗakin sama da tsohon mai gidan ya ɗora, ta hango a ranta ɗalibai 'yan haya a ciki, ta ce ta saya. Izinin ginin kuwa ko tambaya ba ta yi ba.

Ranar da ta zo shara, ta hau sama ta tarar da wata tsohuwa a bakin taga tana ɓare albasa.

"Tok, ta ina kika shigo?"

"Ta ƙofa mana, 'yar nan. Ke ta rufi kike shiga?"

Ashe ƙofa ce a bayan kabad, ta ɓulle cikin gidan maƙwabci. Tsohuwar sunanta Embun, ana ce mata Tok, wato kaka. 'Ya'yanta biyu ne a gidajen, suka ɗora mata ɗakin, suka fasa bango don ta karya kumallo wajen wannan, ta ci na rana wajen wancan. Ƙaramin ya sayar da nasa ya koma Johor bai faɗa wa kowa zancen ƙofar ba, uwar kuma ba ta ga dalilin barin tagarta ba.

Zabedah ta buɗe baki za ta yi faɗa, tsohuwar ta miƙo mata wuƙa da albasa, ta zauna. Washegari ta dawo wai awon labule, bayan nan wai fenti. Gaskiyar ita ce ta gaji da cin abinci ita kaɗai tana kallon bango.

Sai ga ma'aikacin hukumar gari. Ya ce ɗakin zai samu izini, amma dole a toshe ƙofar saboda gobara, in ba haka ba a rushe shi. Zabedah ta raka shi da mita har bakin mota, alhali ta san yana da gaskiya. Ranar da magini ya jera bulo, Tok Embun ta tsaya daga can ɓangaren tana kallo har fuskarta ta ɓace. Abin ya yi wa Zabedah ciwo ƙwarai.

Izini ya fito, ɗalibai suka zo ganin ɗaki. Ta dube su, ta dubi tagar.

"Yarana, ina da wani wurin a hawa na huɗu, ƙafafunku sun fi nawa ƙwari."

Ta ba su gidan da take ciki, ta kwaso keken ɗinkinta ta tare a nan.

Yanzu kullum da hantsi Tok Embun na zagayowa ta ƙofar waje, Zabedah na riƙe da hannunta a matakala, tsohuwar na ƙorafi.

"Kin mayar da ni baƙuwa, sai na yi sallama a ɗakina."

"To yi mana, Tok, albasa na jiranmu."