Ranar da Hulata ta Riƙe Ofis

Ko da na manta da komai na aikin gwamnati, ba na jin zan manta da ranar da hulata ta zauna ofis ni kuwa ina gona. Wata Talata ce cikin daminar 2013, ina mataimakin likitan dabbobi a wani ƙaramin ofishi a yankin Bukkuyum. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu yi wa shanu allurar rigakafi, mu ba da maganin tsutsa, mu taimaki saniya idan haihuwa ta zo mata da gardama.

Shugabanmu wani dattijo ne, Malam Garba, mai son Turanci kamar ransa. Ya ce Bahaushe kalma ɗaya ko biyu gare shi, zillewa ko sulalewa, amma Baturen da ya kawo aikin ofis ya raɗa wa kowane irin gudun aiki sunansa, wanda ke nuna sun riga mu ƙwarewa. Idan ka ga aiki tafe ka kauce, doji ke nan. Idan ka tura mashin ɗinka ta bayan gini, ba ka tayar da shi ba sai ka yi nisa, wannan sinikin ne. Ciwon ƙarya malingarin. Babban cikinsu abskondin, wato ka ɓace gaba ɗaya, kuma shi ne ake korar mutum a kansa. Mu ƙananan ma'aikata sai muka ɗauki kalmomin kamar muƙamai. Da safe za ka ji an ce, "Yau mi kaka ji da shi, doji ko malingarin?"

Dabararmu ita ce hula biyu. Ɗaya a kai, ɗaya a aljihun tebur. In za ka fita, sai ka ɗora ta biyun a kan tebur, ka ja kujera baya kaɗan kamar yanzu ka tashi. Duk wanda ya zo, masinjanmu Baba Ɗanjuma zai nuna ta ya ce, "Yana nan, ga hular shi, ya zaga ne." A nan dole in faɗi gaskiya: ni na kawo wannan dabara ofishin.

Ranar an kwana ana ruwa, gerona kuma yana jiran maimai. Malam Garba ya tafi taro Gummi. Na ajiye hula, na yi sinikin, na nufi gonata da ke bakin hanyar Zugu.

Ina fita ba da jimawa ba, wani makiyayi mai suna Jaɓɓi ya iso daga rugarsu ta wajen Zugu. Karsanarsa ce ke naƙudar fari tun asuba, ɗan ya ƙi fitowa. Ita kaɗai ta rage masa daga shanun da ya gada. Baba Ɗanjuma ya nuna masa hula, ya faɗi abin da ya saba faɗi, shi ma ya yi nasa dojin zuwa kasuwa. Jaɓɓi ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ofis, ya fuskanci hula, ya zauna.

Bayan azahar taron Gummi ya watse da wuri, Malam Garba ya dawo ya tarar da shi. Daga baya Malam Garba da kansa ya ba ni labarin yadda suka yi.

Ya ce, "Baffa, lafiya?"

Jaɓɓi ya ce, "Yallaɓai, likita nika jira. An ce ya zaga tun hantsi. Allah shi ba shi lafiya, wanga ciwon ciki ba ƙarami ba na."

Malam Garba ya shiga ofis. Ya ɗauki hular ya sa a aljihu, ya ɗauko jakar kayan aikina, ya goya Jaɓɓi a mashin.

Ina duƙe da fartanya na ji mashin ya tsaya a bakin gona. Na ɗaga kai na ga shugabana, ga Bafulatani a bayansa. Abin da ya fara zo mini shi ne in dafe ciki, kuma wallahi na dafe.

Malam Garba ya ce, "Saki cikin nan, Isa. Malingarin a kan sinikin ya yi yawa ga mutum guda." Ya miƙo mini hular. "Ga abokiyar aikinka. Ita ta riƙe ofis yau. Sa ta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, akwai wata a kaina."

Ya ce, "Ɗora ta bisa. Tare za ku tafi."

Haka na bi su da hula kan hula, duk wanda muka wuce sai ya juyo. A hanya na gane abin da ya fi damuna har yau: Jaɓɓi ta gefen gonata ya wuce da safe. Da an ce masa ba na nan, da ya juyo ya gan ni, ko ya nemi wani.

Mun tarar da karsanar kwance, idanunta sun yi fari, matan ruga sun kewaye ta. Na wanke hannu da sabulu har kafaɗa, na sa. Ƙafar ɗan ɗaya ce ta lanƙwashe baya, abin da ba ya ɗaukar lokaci idan an zo da wuri. Na tura shi ciki, na miƙe ƙafar, na ɗaura igiya, Jaɓɓi da Malam Garba suka ja a hankali. Ɗan ya fito, namiji, kyakkyawa, amma babu rai. Na share masa hanci, na jijjiga shi, shiru. Uwar na yi mata allura, kafin la'asar sakaliya ta miƙe tsaye tana lasar abin da ba zai tashi ba.

Na jira Jaɓɓi ya zage ni. Sai ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, ya ce yana kwantar da ciki. Na kasa sha. Na ce, "Baffa, cikina lafiya lau yake. Gona na tafi. Hular nan ƙarya ce na ajiye."

Ya dube ni, ya dubi hulunan biyu. Ya ce, "Likita, tun azahar na gane. Wa ka zagawa awa haka? Amma in na tashi, ina za ni? Kai ɗai muka da."

A hanyar dawowa na tambayi Malam Garba wane suna laifina zai ci a takardar tuhuma, domin na san in ya rubuta abskondin aikina ya ƙare. Da muka kusa gari sai ya ce duk Turancinsa bai san kalmar mutumin da ke gudu ya bar alamar yana nan ba. Gargaɗi ya rubuta mini, ya kuma sa aka buɗe aljihun kowane tebur. Ranar sai ka ce kasuwar hula aka buɗe a ofis.

Ku da kuke aikin yanzu, ba zan ce muku ban sake doji ba, kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Amma in zan fita, nakan gaya wa Baba Ɗanjuma inda nake, in ce ya faɗa wa duk wanda ya zo. Mutanenmu masu haƙuri ne, in sun ga alamarka za su zauna su jira har abin da suka zo dominsa ya lalace.

Hular kuwa Jaɓɓi ya roƙe ni ita ranar, na ba shi. Duk lokacin da na je rigakafi rugarsu, sai in gan ta a kansa. Yakan taɓa ta ya ce, "Likita, ga abokiyar aikinka. Har yau ba ta zaga ba."